Tagar da Bawa Ya Toshe

Idan sanyi ya kama a ƙauyenmu, can gefen Minjibir, mu yara ba mu da wurin zuwa sai ɗakin Iya, mahaifiyar Baba. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu cika mata ɗaki, har da 'ya'yan maƙwabta. Tana da wani kasko na ƙasa, baƙi wuluk, bakinsa ya ɗan ɓantare. Takan hura karan dawa da ƙirare a ciki, mu miƙe ƙafafu muna jin ɗumi, ita kuma tana binne mana dankali a toka.

"Ku matso, amma kada wanda ya shure min kasko," in ji ta. "Yau labarin Bawa za ku ji."

Mun ji shi ya fi a ƙirga, amma ba mu taɓa cewa ya ishe mu ba.

Bawa wani marowaci ne mai mata da 'ya'ya uku. Wata shekara sanyi ya matsa, ya tafi kasuwa neman murhun da zai ɗumama ɗaki. Ya zaga rumfa-rumfa yana tayawa yana tsaki, har ya iske wata tsohuwa mai ginin tukwane. Ta nuna masa babba, ya ce zai cinye masa itace. Ta nuna masa matsakaici, ya ce ya yi tsada. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙarami. A nan Iya takan maƙe murya kamar ta tsohuwar:

"Ɗan nan, na sallama maka da araha. Amma ka bar wa hayaƙi hanyar fita, ko da zai tafi da ɗan ɗumi."

Murhu ya yi kyau, gida ya yi ɗumi. Sai wata rana Bawa ya zagaya bayan ɗaki, ya tarar da akuyar maƙwabcinsa kwance a gindin taga, ta lumshe ido tana tuƙa. Ransa ya ɓaci. Shi ya sayi murhu, shi ya faskara itace, amma akuyar wani ke shan ɗumi a banza! Ya kwaɓa ƙasa ya toshe tagar, ya cusa tsummoki a duk wata kafa, ya ja ƙyaure ya sa sakata.

"Sai barci," in ji Iya, tana sassauta murya. "Barci mai nauyi, wanda ba na Allah da Annabi ba."

Akuya ta zo wurin kwananta ta ji bango da sanyi. Ta zagayo ƙofa ta yi ta tunkuyi har ƙyauren ya ɓalle. Iska ta shiga. Da asuba maƙwabta suka jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, ana yayyafa musu ruwa, duka suka farfaɗo. Da buɗe idon Bawa, abin da ya fara tambaya shi ne wa zai biya shi ƙyaurensa. Mukan yi dariya har da birgima. A ganinmu labarin rowa ne, shi ke nan.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni ma yanzu ina da iyali, ina koyarwa a firamaren garinmu. Bara da sanyi ya shigo, ƙafafun Baba suka matsa masa, ga tari. Ranar kasuwa na shiga Minjibir nema masa abin jin ɗumi wanda aljihuna zai iya. Na ga kasake, na ga murhun da ake yanka daga tsohon duro, mai arha, wuta na ci a cikinsa ba ƙaƙƙautawa. Har na fara ciniki, sai maƙerin da ke sayar da shi ya dube ni.

"Malam, a tsakar gida za a sa, ko a ɗaki?"

Na ce a ɗakin tsoho.

"To, ba wannan ba." Ya jawo wani ɗan ƙarami mai murfi, da bututu da aka naɗe daga kwanon rufi. "Wannan ya ɗara kuɗi kaɗan, amma ƙirare huɗu sun ishe shi, kuma hayaƙin waje zai bi."

Na tsaya ina jujjuya abin a raina, don wata ya yi nisa. Sai akuyar nan ta faɗo mini. Na yi murmushi na ce a ɗaura mini shi a babur.

Da la'asar ina huda bango don bututun, Baba yana zaune a tabarma yana kallona. Na ce masa ai labarin Bawa ne ya sa na zaɓi wannan. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, sai ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ina da yaya mace da ba ka sani ba," in ji shi. "Ita ce 'yar farin Iya. Kwananta arba'in ba su cika ba aka yi wani sanyi mai tsanani. Iya ta ji tsoron kada ya kama jaririyar, ta shigo da garwashi, ta toshe taga da zane. Da safe aka ɓalle ƙofa. Iya ta tashi. Yarinyar ba ta tashi ba."

Na ajiye gudumar. 

Tun ranar nake tunanin yadda ta yi da wannan ciwo. Abin da ta aikata don ƙauna, ta ɗora wa marowaci, don mu yi dariya mu riƙe. Kuma a nata labarin ba ta bari ko mutum ɗaya ya mutu ba. Shekara da shekaru tana fitar da su duka da rai a gabanmu, muna ta ƙyalƙyala dariya da baki cike da dankali.

Na tambayi Baba sunan yarinyar. Ya ce Rakiya. Yanzu duk lokacin da na ɗaga hannu na yi wa Iya addu'a, ina ambaton su tare.