Hutun Fanuris a Tsibirin Uwarsa

A ƙauyen kan dutse na tsibirin Karpathos aka haifi Garifaliya, can ta girma tana kiwon awakin ubanta. Aure ne ya sauko da ita bakin ruwa, gidan Minas masunci. Da baƙi masu yawon shaƙatawa suka fara zuwa da rani, sai Minas ya rataye koma, ya shafa wa kwalekwalensa shuɗin fenti, ya koma kai su wanka cikin lungunan duwatsu. Ita kuwa ta share ɗakuna biyu na ƙasa tana saukar da su. Ba ta jin harshen ko ɗaya daga cikinsu, amma ta san mai son kofi da ɗaci, ta san wanda rana ta ƙone wa baya tun kafin ya yi ƙorafi.

Ɗansu guda ne, Fanuris. Gashin baki na fito masa ya bi kawunsa zuwa Amurka. Yana can Minas ya rasu, zaune a kwalekwale yana jiran baƙi su gama iyo. Fanuris bai samu zuwa jana'iza ba, takardunsa ba su kammala ba a lokacin. Daga baya kuma aiki ya riƙe shi, sai ya auri wata mai suna Dalin, sai 'ya'ya.

Sai da kanta ya yi fari fat sannan wata rana ya bugo waya.

"Mama, muna tafe a watan Agusta, ni da Dalin da yara."

Ba ta ko tsaya neman takalmi ba ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Ebdokiya.

"Ke tsohuwar banza, ɗana na zuwa!"

"To sai ki yi wanka," in ji Ebdokiya. "Kada jikokinki su zaci akuya ce kakarsu."

Su biyun suka shafe gidan da farar ƙasa. Garifaliya ta kori duk baƙin da suka nemi ɗaki a watan, ta fito da zannuwan gadon aurenta ta shanya.

Ranar da suka sauka, daga filin jirgi ya kira ta.

"Mama, mun kama masauki a wancan gefen tsibirin. Akwai wurin iyo na yara, ɗakin kuma da sanyi. Ba ma so mu wahalar da ke."

"Wahala kuma, ɗana? Gidan ubanka ne fa."

"Za mu zo ranar Lahadi mu yini."

Ranar Lahadin ta tashi tun da safe ta murza taliyar hannu, ta soya albasa da man zaitun na gonarsu, ta sa ɗan akuya a tanderu. Ta saka kayanta na ranar idi, masu ado a ƙirji. Sai bayan azahar motar haya ta tsaya a ƙofa. Wani ƙaton mutum mai sanƙo da gajeren wando ya fito, sai da ya yi dariya ta gane shi. Ta rungume shi tana kuka, shi ma ya yi hawaye, wannan kam ba ta taɓa musantawa ba.

Amma yaran suka tsaya nesa suna kallonta. Dalin ta faɗi wani abu da fara'a, Fanuris ya fassara.

"Wai kayanki sun yi kyau. Ko za ki tsaya jikin ƙofa ta ɗauke ki hoto?"

Ta tsaya, ta naɗe hannu, kamar yadda take yi wa baƙi duk shekara. Yaran suka tsakuri abincin suka ture. Ƙaramar ta tambayi ubanta ko tsohuwar nan ce mai gidan abincin.

Da rana ta yi sanyi, Garifaliya ta ɗauko man fitila da furannin da za ta kai kabarin Minas.

"Tashi mu je ka gaida babanka."

Ya duba agogo. "Yau ba zai yiwu ba, Mama. Mun yi alkawari da mai jirgin ruwan da ke kai mutane kallon faɗuwar rana. Zan dawo kafin mu tafi."

Bai dawo ba. Iska ta taso, aka matso da tafiyarsu, daga filin jirgi ya yi mata sallama.

Ita kaɗai ta hau maƙabarta. Ta share kabarin, ta kunna fitila, ta zauna a gefe.

"Minas, yaronka ya zo. Ya yi ƙiba. Ya ce in gaishe ka."

Daga nan ta jera furannin, ta miƙe.

A hanyar dawowa ta haɗu da Ebdokiya, wadda ta buɗe baki za ta zagi Fanuris. Garifaliya ta ɗaga mata hannu.

"Kul. Hutu ya zo yi, ƙawata. Mutum ya yi shekara yana aiki, ba ya huta ba?"

Ebdokiya ta kama hannunta suka sauko a hankali.

Garifaliya tana nan da ranta. Gwiwa ta hana ta hawan dutse, jikar Ebdokiya ce ke kula da baƙi yanzu. Fanuris yakan kira jefi-jefi, ya tambaye ta yanayin gari. Takan ce masa iska ake yi, ta tambayi yara da sunayensu, duk da har yau harshenta bai iya faɗinsu daidai ba.