Binnen da Na Yi Babu Iri

Ba zan faɗi sunana ba, don masu irin sunan suna da yawa a ƙasar Gobir, bai kamata su sha kunyar da ni kaɗai na jawo ba. Ku dai sani ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Mahaifinmu manomi ne, haka ma kakanmu. Na yi karatun allo gwargwado, a da ba na sata, ba na faɗa, ko taba ban taɓa kai wa bakina ba. Ciwona ɗaya ne a duniya, sunansa Nomau, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

A wajenmu iyaye suna yi wa ɗan fari kara. Inna ba ta kiran sunana, in za ta ba ni tuwo sai ta ce a miƙa wa wancan. Baba ba ya yabona a gaban mutane, ko da na yi aikin da jaki zai yi ya kwanta. Na san al'ada ce, kowane ɗan fari haka ake yi masa. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba, domin duk abin da aka ɓoye mini a fili ake zuba wa Nomau. Shi ake kira da suna, shi ake yi wa dariya, shi ake ajiye wa ƙanzo. Ga shi Allah ya ba shi ƙira da ƙarfi, ni kuwa siriri ne kamar karan dawa.

A wajen gayya abin ya fi yi mini zafi. In samari suka jeru a bakin gona, kafin in kai rabi Nomau ya kai ƙarshe ya juyo, har ya kama mini nawa layin. Makaɗa su bi shi da ganga, 'yan matan da suka kawo fura su yi ta guɗa. Shi taimakona yake yi, ni kuwa ji nake kamar ya tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa.

Wata ranar kasuwar Sabon Birni na zauna wajen wani mai tebur da ake kira Ɗan Ige, ina ta ƙorafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba ƙarhi ƙanenka yah hi ka ba, dabara ce ba ka da ita. Amshi wagga ka haɗe da ruwa. Kyauta ta." Ya sa mini wata 'yar ƙwaya a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar wake ba.

A gayyar da ta biyo baya ni na fara kai ƙarshen gona. Ban ji rana ba, ban ji ƙishirwa ba, hannuna ya yi kanta ya fashe ban sani ba. Makaɗa suka juyo kaina. Na waiga na ga Nomau a bayana yana haki, yana murmushi, yana ɗaga mini hauya. Wallahi murmushin nan ya ɓata mini rabin daɗin, don so nake in ga ransa ya ɓaci. Duk da haka ranar na ji ni ma mutum ne, kuma na san ba gumina ba ne ya ba ni wannan, ƙwayar Ɗan Ige ce.

Sai aka shiga shekarun fari. Ruwa ya yi rowa, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Gayya ta mutu, don babu abin nomewa. Da na yi hankali da nan na bar ƙwayar, tunda dalilin shanta ya wuce. Amma zuwa lokacin ba ni ke neman ta don aiki ba, jikina ke neman ta don in iya tashi daga tabarma. Ɗaya ta daina yi mini komai, na koma biyu, na wuce nan. Ga zaman banza, ga yunwa, ita kuwa tana kashe yunwa, sai na riƙa gaya wa kaina ai sauƙi nake kawo wa gida tunda ba na cin rabona. Barci ya ƙaurace mini. Na zama mai saurin fushi, akuya ta yi kuka sai in jefe ta. Sallah ta koma sai na tuna. Abokan da muka taso tare na guje su, na koma zaman teburin Ɗan Ige, wanda tuni ya manta da kalmar kyauta. Hauyata ta tafi, rigar sallata ta bi ta, kowacce da ƙaryar da na shirya mata.

Mutanen gida sun ga alamu, ba su dai san sunan abin ba. Na ji Inna tana ce wa Baba, "A ce ma wancan shi riƙa cin abinci, ya rame." Nomau ya tare ni a zaure ya ce, "Yaya, idanunka sun yi ja, hannunka na rawa. Mi ka damunka?" Na ce masa ya je ya tambayi masu yi masa guɗa. Da wani ne ya tambaye ni, wataƙila da na faɗa. Amma in buɗe wa Nomau cikina, ya ƙara wannan a kan abubuwan da ya fi ni? Na gwammace in mutu.

Yanzu bari in gaya muku maganar iri, don 'yan birni su gane nauyin abin da na yi. Kowace kaka Baba yakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure daban. Wannan ba abinci ba ne, ko za a mutu ba a taɓa shi. A shekarar da nake ba ku labari mun ci tafasa, mun ci dusa, Inna ta sha ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, amma ba ta kalli damin nan ba. Da bazara ta yi nisa Baba ya sa aka sussuke shi, ya zuba a taiki, ya kira mu mu biyu. Ƙafa ta riga ta fara hana shi zuwa gona mai nisa.

Ya ce, "Ga irin ga, shi kaɗai yar rage muna. Binne za mu yi bana a gonar tudu. Nomau shi yi sara, kai ka zuba. Ɗauki ka aje ɗakinka."

Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira, don kada a yi asarar ruwan farko. Ni abin da na ji a maganar Baba kawai shi ne an ba Nomau aikin maza, ni an ba ni aikin mata da yara. Na ɗauki taikin ina ƙunƙuni.

Da ɗan kaɗan na fara. Na ɗebi abin da na ce ba za a gane ba, na kai kasuwar Isa inda ba a san ni sosai ba. A lokacin mai gero a hannu ba ya neman mai saye. Na yi rantsuwa ba zan ƙara ba, na ƙara. Duk abin da na ɗiba sai in mayar da yashi a madadinsa, don taikin ya ci gaba da tsayuwa. Kafin ranar shuka abin da ya rage bai fi a cika ƙoƙo ba.

Muka tafi gonar tudu, can hanyar Kamarawa. Nomau yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya da ƙwarya. Layukan bakin hanya na zuba musu iri na gaskiya. Sauran gonar kuwa yashi nake ɗiba in jefa a rami in take da diddige. Nomau bai waiga ba ko sau ɗaya. Gumi yana zuba a bayansa, yana ta ba ni labarin yadda za mu cika rumbu, har ya samu ya yi aure. Ina jin sa, ina zuba ƙasa a cikin ƙasa.

Bayan haka aka fita roƙon ruwa. Duk gari aka taru a filin idi, tsofaffi sun juya rigunansu, ana kuka ana addu'a. Ni ma na ɗaga hannu tare da su. Amma a cikin zuciyata roƙo nake kada ruwan ya zo, domin in fari ya ci gaba ba wanda zai san abin da ke cikin ramukan nan. Ku duba inda ƙwaya ta kai ni. Uwata tana kwana da yunwa, ni ina roƙon Allah ya ƙara mata wata shekarar.

Allah bai karɓi tawa ba. Ruwa ya sauka mai yawa, yara suna tsalle a cikinsa. Ba a jima ba gonakin mutane suka yi kore, tamu kuwa sai layukan bakin hanya. Nomau ya ce a ƙara jira, wataƙila ya sara da zurfi. Har laifin yana neman ɗora wa kansa.

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci na hau rumbun maƙwabcinmu Malam Altine. Na ce wa kaina iri zan samo in sake shuka a ɓoye. Gaskiyar kuwa jikina ke rawa, kuma na san da na sauko teburin Ɗan Ige zan nufa. Tsohuwar mahaifiyarsa ta fito ta kama mini riga tana kiran sunana, matar da ta sha goya ni. Na ture ta. Ta faɗi a kan turmi, ƙugunta ya karye, ba ta ƙara tafiya da ƙafafunta ba. Mata suka yi ihu, aka kama ni ban ko fita unguwa ba. A gaban alƙali ban musa komai ba, aka kai ni gidan yari.

Farkon zamana a can na ɗauka mutuwa zan yi. Amai, zazzaɓi, ƙasusuwa kamar ana sara, ina kuka ina roƙon ko rabin ƙwaya. A hankali jiki ya saki, abinci ya fara yi mini ɗanɗano, hankali ya dawo. Da ya dawo kuma sai na fi son ciwon.

Nomau ne ya zo duba ni. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya ce Baba ya sa an kai shi gonar a kan jaki, ya tona rami da yatsa, ya tona wani, bai ga iri ba. Kawunmu ya taimaka da ɗan iri sun sake shuka, amma ruwan ya ɗauke da wuri. Waɗanda binnensu ya fito sun sami abin kai wa rumbu, mu ban da layukan bakin hanya ko kara ba mu samu ba. Shi Nomau ya fasa auren, yana dako a Sabon Birni yana ciyar da gida.

Maimakon in ba shi haƙuri, sai tsohon ciwon ya motsa. Na ce, "To ai yanzu ka huta, gida ya zama naka kai ɗaya. Dama kai aka so."

Ya dube ni. Ya ce, "Yaya, ni da baki aka yabona. Hatsin da Inna taƙ ƙi dakawa muna kwana da yunwa, hannun wa anka sa shi? Ni sungumi anka ba ni. Ranan ko abinci ban iya ci ba don jin haushinka."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ashe duk yabon da na yi shekaru ina nema, a cikin taikin nan Baba ya miƙo mini shi, na kai kasuwar Isa.

Da aka sake ni, gidan Malam Altine na fara zuwa. Tsohuwar ta riga ta rasu, ya ce ta yafe mini kafin ta cika, shi ma ya bar ni da Allah. Na tuba, kuma har yau ban ƙara sa ƙwaya a bakina ba, ko da yake in na bi ta inda teburin nan yake a da, yawuna yakan tsinke. Ƙyashin ma ba zan yi muku ƙarya in ce ya mutu ba. Nomau ya yi aure, rumbunansa sun fi nawa, in aka yabe shi nakan ji ɗan tsinke ya soke ni. Bambancin dai yanzu nakan gane shi, in yi a'uziyya, in je in taya shi aiki.

Samari, ba da sata na fara ba, ba ma da ƙwaya ba. Da ciwon da na ƙi faɗa wa kowa na fara. In akwai wanda ganinsa ke ƙona muku rai, ku nemi babba ku faɗa masa tun kafin wani mai tebur ya saurare ku. Duk wanda ya ba ku abin ƙarin ƙarfi kyauta, ku mayar masa. In kun ga ɗaya ta daina isar ku, ko kun fara ƙarya a kan inda kayanku suka tafi, to kun riga kun shiga, ku nemi taimako a asibiti da wajen iyaye, kada kunya ta hana ku. In kuma ɗan'uwanku ne ya daina ci, ya daina barci, ya canza abokai, kada ku tambaye shi sau ɗaya ku bari don ya yi muku tsawa.

Daminar farko bayan dawowata muka koma gonar tudu. A hannun Nomau Baba ya sa iri, shi kuma da muka isa ya miƙo mini ƙwaryar ya ɗauki sungumi. Muka yi nisa, sai na waiga. Can baya na hango Baba, ashe ya biyo mu da sandarsa. Ya durƙusa da ƙyar a kan ramin da na rufe, yana tonawa da yatsa. Ya ga iri, ya mayar da ƙasa, ya ja jiki zuwa na gaba.