Kwalaben Baffa

Duk lokacin da ruwan sama ya jiƙa turken awaki, zarnin nan ya taso, sai in toshe hanci in bar wurin. 'Ya'yana suna cewa tsufa ne ya sa ni tsantseni. Ba su san warin yana mayar da ni gidanmu na Kusada ba ne, wata damina da ban fi shekara tara ba.

Wan mahaifina, da muke ce wa Baffa, shi ne ɗan farin Kaka. Malamin jami'a ne, aikinsa binciken ƙwayoyin halitta, abubuwan da ido ba ya gani. A daminar nan ya zo da kwali cike da ƙananan kwalabe, yana bin gidaje tun daga unguwarmu har Bauranya da Rimaye, yana karɓar fitsarin yara. Tsargiya yake nema, cutar da ake ɗauka a ruwan kududdufi, mai sa fitsarin jini. Duk yaron da aka samu da ita, Baffa zai kawo masa magani.

Yayana yana da ita, kowa a gidan ya sani. Amma manya ba su ɗauke ta cuta ba. In yaro namiji ya fara ganin jini sai a yi murmushi, wai ya kusa zama mutum.

Kaka ba ta musu da Baffa, don ko sunansa ba ta faɗa, kunyar ɗan fari. Da ya ajiye kwalaben gidanmu ya fita, sai ta tara iyayenmu mata ta ce, "Fitsarin ɗiyana za a kai ma mutanen da ban sani ba? Mi za su yi da shi? Ku dai cika mashi kwalabenshi, kada ya ji kunya."

Kun san akuya in ta tashi daga kwanciya da safe fitsari take fara yi. Ni aka ba wa tsohon kwano aka ce in tsuguna a bayan awakinmu. Na tuna ɗuminsa a yatsuna, da ƙudajen da suka bi ni har ƙofar ɗaki. Kaka ta sirka da ruwan randa, aka ɗura a kwalabe, kowace da sunan yaro a jikinta. Na kai wa Baffa da hannuna, har ya shafa kaina ya sa mini albarka.

Sakamako ya fito, gidanmu ne kaɗai a unguwar ba a samu mai cutar ba. Yaran maƙwabta suka sha magani, Yaya bai sha ba. Kaka kuwa har gori ta riƙa yi da tsaftar jikokinta.

Shekaru suka wuce. Baffa ya samo hanyar gano tsutsar tsargiya daga ƙwayoyin halittarta da ke cikin fitsari, ko da madubin likita bai ga ƙwanta ba. Da zai gwada hanyar sai ya koma kan tsofaffin kwalaben da ya adana a firji, na'ura ta nuna masa na gidansu ba na ɗan Adam ba ne. Ya zo Kusada ranar wata Juma'a, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka.

"Inna, na akuya kuka ba ni?"

Ta kau da kai, ta ba bango amsa. "Ai an cika."

A ranar ya tafi da Yaya asibiti. Likitoci suka ce cutar ta daɗe tana cin mafitsararsa, magani zai kashe tsutsar amma ba zai gyara ɓarnar ba.

Yau Baffa farfesa ne. Ɗalibansa suna koyarwa a jami'o'i, masana a ƙasashen waje suna kafa hujja da rubuce-rubucensa, asibitoci suna aiki da hanyarsa. Bara aka yi masa walima a Kankia. Kaka ta rasu, amma matan da suka riƙe mata kwalabe suna nan, sun sha anko, suna gaya wa baƙi cewa a tsakar gidanmu binciken ya fara, da taimakonsu. Na ture farantin abincina gefe. Na ji ƙyamarsu, na ji ƙyamar irin kunyar da ke hana uwa ce wa ɗanta a'a amma ba ta hana ta yi masa ƙarya ba. Na ji ƙyamar kaina fiye da kowa.

Yaya yana can kujerar baya, da robar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, yana tafi tare da jama'a. Yanzu 'yan gidanmu da gudu suke kai yara gwaji, ba wanda yake tada tsohon zance. Yaya kuma har yau bai san wa aka aika turke da kwano ba. Duk sallah ni yake fara kira, yana ce mini 'yar ƙanwata mai amana.