Ranar da Kawu Gambo Ya Kwance Hannu

Wata Laraba ce da la'asar, a kakar da yaƙin Turawa ya yi tsanani, shinkafar fadama ta nuna tana jiran lauje. An share filin dambe na ƙauyenmu a bakin kogin Haɗejiya, makaɗa suna ɗaure kalangu, ni kuwa na kasa tsayuwa wuri ɗaya, ina kutsawa tsakanin ƙafafun manya don in hango Kawu Gambo. Ƙanin mahaifiyata ne, mahauci, kuma daga Malam Madori har Birniwa babu ɗan damben da ya taɓa kai shi ƙasa. Amma filin nan duk tsofaffi ne da mata da mu yara. Babu saurayi ko ɗaya.

Samarin sun gudu ne. A lokacin ana ɗibar majiya ƙarfi da tilas zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, kuma waɗanda suka dawo, da tari suka dawo. Kawu shi ya bi gida gida yana cewa, "A kwashe mana maza da kaka, wa zai yanke shinkafar? Ku tura su fadama su ɓuya." Yayana Sule na cikinsu. Kullum da hantsi ni ke kai masa fura a ɓoye, in yi kamar zan je korar tsuntsaye, in ratsa taɓo har gwiwa. Mahaifiyarmu ta daina barci, tuwo ma sai ta sa loma ɗaya ta ture akushi. Ko langa da muke yi a ƙofar gida ta fita raina.

Da masu ɗibar mutane suka gaji da nema, sai suka yi dabara. Suka sa aka gayyato wani ƙaton ɗan dambe daga gabas. Sun san halinmu sarai: in aka kaɗa taken Kawu ya shiga fili, ihu ya tashi, babu saurayin da zai iya zama cikin ciyawa, ko da wuƙa a wuyansa. Ga su nan a gindin tsamiya da igiyoyi, suna jira. Kuma a al'adarmu, ɗan damben da aka kira ya ƙi fita ya zubar da sunansa har abada.

Baƙon ya zagaya fili yana kirari. Kawu ya miƙe, hannunsa na dama a naɗe da zare, ya taka har gaban makaɗinsa ya dafe bakin kalangun. Sannan ya tsuguna ya warware zaren nan a hankali, ya ajiye a ƙasa. "Yau ba ni da hannu," in ji shi. Wata tsohuwa ta yi masa tofin Allah tsine, baƙon ya bushe da dariya. Ni kunya ta kama ni har na yi kuka, don ban gane komai ba, gani nake Kawu ya tsorata.

Fadama ta yi tsit, babu wanda ya fito. Da masu igiya suka rasa kowa, sai suka ɗaure Kawu suka tafi da shi. Sule da sauran samari suka fito bayan ƙura ta lafa, aka yanke shinkafa, aka cika rumbu. Kawu ya dawo bayan damina da tarin nan, hannunsa na rawa, ko sa ba ya iya kayarwa a mayanka. Bai sake shiga fili ba, bai kuma taɓa yi wa kowa gori ba.

Yanzu jikokin Sule suna kallon dambe a waya, suna gardamar wa ya fi wa kisa, ni kuma in kasa zama, in tashi in yi ta zagaye tsakar gida. Filin ya zama shaguna, waɗanda suka ga ranar nan sun ƙare saura ni. Yaran nan ba su san cewa da Kawu ya amsa kiɗa, da babu su ba.