Baro da Ruwan Sama

Aikin injin shinkafa a Talata Mafara wahala ce zalla. Shekara tara ina tura baro daga sito zuwa inji. Bara aka maƙala wa kowane baro na'ura, manaja yana ganin inda baron yake a wayarsa.

Da damina rufin hanyar ya yage, ruwa na zuba. Na raɓe da buhu uku kada su jiƙe.

Manaja ya ce, "Baba, baronka ya yi minti ashirin wuri ɗaya."

"Yallaɓai, ruwa ne."

"Na'ura ba ta nuna ruwa ba. Ka ƙara, ka koma ƙauyenku."

Washegari aka sake ruwa. Na tura buhunan ta cikin ruwan, suka jiƙe sharkaf. Ban tsaya ba.