Shafin da Ya Koma Hannun Riga

Gwaggona ta yi shekara goma sha ɗaya a wani ɗaki da ke ƙasan laburaren jami'a, tana ɗaukar hoton tsofaffin takardu tana ɗora su a intanet. Ɗakin ba taga, sai fanka mai ƙara da wata baƙar na'ura a lungu, wadda aka hana kowa taɓawa don a cikinta komai yake. Farfesan da ya kawo aikin, duk wanda ya zo da takardun kakansa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa yanzu sun tsira har abada. Da ya gaji da faɗar haka, Gwaggo ta karɓi maganar. Haka sunan ya bi ta, har masu shara Har Abada suke kiranta.

Aibinta ɗaya a wurin Farfesa: ba ta yarda da allon kwamfuta ba. Duk shafin da ta ɗauka sai ta buga shi a takarda, ta ajiye kusa da na asali, ta bi layi-layi da yatsa. Ya yi faɗa har ya gaji, wai ɓarnar takarda ce kuma ci baya ne. Ita ko ta ce to, gobe ta sake. Don kada ya ga tulin, duk ƙarshen mako sai ta cika jaka ta kai wa mahaifiyata, matar ƙaninta, mai shagon ɗinki, wadda kullum ke neman takardar fitar da yankan kaya.

Cikin waɗanda suka kawo kaya akwai wani tsohon hedimasta, da littafin da babansa ya rubuta da hannu: haihuwa, mutuwa, tafiye-tafiye. Da aka maido masa, tunda masana sun ce har abada, sai ya sauke littafin daga saman durowa ya kai ɗakin tarkace. Rufi ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran.

Aikin ya ƙare, aka yi taro, aka tafa. Farfesa ya yi ritaya da lambar sirrin na'urar a kansa, daga baya kan ma ya daina riƙe sunan jikokinsa. Sabon shugaba ya mai da ɗakin sito, aka cire wayar baƙar na'urar aka jona firij. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Shekara shida bayan haka hedimasta ya nemo gidan Gwaggo. Ya ce ɗiyarsa ta duba a intanet ta tarar babu. Shi ba littafin duka yake so ba, shafi ɗaya ne, inda babansa ya rubuta abin da mahaifiyar shi hedimastan ta faɗa a kansa kafin ta rasu, yana ɗan wata biyar. Gwaggo ta zaga ofis huɗu, kowa ya nuna mata na gaba. Da ta rasa yadda za ta yi, ta ja shi zuwa shagonmu.

Mama ta sauko da takardun da ke rataye a ƙusa. Tarihin gidajen mutane ne, an yanka shi wuyan riga, aljihu, ƙafar wando. Suka yi ta juyawa har aka tashi daga makaranta. Shafin ya fito a hannun rigar yara, da alli a gefensa da hujin allura. Almakashi ya cinye kwanan wata da rabin sunan asibitin, amma maganar tana nan, layi biyu. Hedimasta ya karanta a zuci sau biyu, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Mama ta ba shi haƙuri, ya ce ita ce ma ya kamata ya gode wa, don da ba ta buƙatar takardar da tuni ta bi sauran.

Ya sa ta cikin leda, sannan ya juyo wurin Gwaggo.

"Hajiya, wannan ɗin zai kai shekara nawa?"

Gwaggo ta buɗe baki, na ga kalmar nan ta taso mata, ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Malam. Ka sa ɗiyarka ta kwafa yau."