Ƙafar Hindatu Ce Ta Tara Madarar

Hindatu ce ta kafa ɗakin nono na Yalwawa. Ba gwamnati ba, ba 'yan ƙungiya ba. Na faɗa ne don na ji ana yabon wasu.

Maƙwabciyata ce, na girme ta nesa. Kullum da sassafe takan tari keke mai ƙafa uku zuwa wajen Kiyawa, kafin rana ta yi zafi ta dawo da jarkokin madara daga rugage. Matan da mazansu suka rasu su ke dafawa, su kwantar da kindirmo, su sayar a unguwar Takur. Da shi suke ciyar da marayunsu.

Ba da jari ta fara ba, da zumunci ta fara. Suna ba ya wuce ta, gaisuwar mutuwa ma haka. Firjin ɗakin wani direba ne ya kawo, don ita ta yi jinyar mahaifiyarsa. Ɗakin kansa na Malam Ubaidullahi ne, tare da ƙanwarsa suka yi karatun allo. Matan ruga kuwa ba sa miƙa ƙwaryarsu ga wanda bai taɓa zama a tabarmarsu ba.

Bara gwiwa ta kama ta, likita ya ce ta zauna. Ɗanta Misbahu ya karɓi aikin, ya tara kowa a WhatsApp. Niyyarsa mai kyau ce. Aka yi rasuwa a rugar Arɗo Gaji, sai ya tura ta'aziyya ta waya. Washegari ko ɗigon madara bai zo ba. Matan ɗakin nono suka wuni suna kallon tukwane. Sai da Hindatu ta ɗaure gwiwar ta je ta ba da haƙuri.

Hindatu, ke ce igiyar da ta ɗaure gari da ruga. Allah ya saka miki. Amma kina ba ni haushi. Ku ma matan unguwa haka. Kuna yaba ta a waya, ƙafafunku lafiya lau. Ɗayarku ta tashi ta riƙa bin ta mana, a san fuskarta a ruga.

Jiya an sake rasuwa a ruga, wani magidanci ne. Na tarar da Hindatu a ƙofar gida tana dogara sanda, tana jiran keke. Na ce ta koma ciki, in ƙafar nan ta mutu ɗakin ma ya mutu, Misbahu ya je. Ta ce namiji ba ya shiga wurin mai takaba. Na ce to ta kira matar.

"Baffa, ba na gaida mai takaba ta waya. Ba zan koma ba."